BATIRIN MOTAR HAIBIRID: ABIN AMANA NE, AMMA DA SHARAƊI

Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, hirar ma'aikata ta sake launi. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 tun mako bai zagayo ba, kafin ƙarshen 2024 kuwa sai da ta wuce naira 1,000. To, mutumin da albashinsa ke zuwa sau ɗaya a wata, tankin motarsa kuwa na neman mai ko wane mako, ba ya bukatar dogon bayani. Saboda haka duk majalisar da ka zauna a nan Gama bayan la'asar, ko ta malaman makaranta ce ko ta akawunan Ƙaramar Hukumar Nassarawa, da wuya a tashi ba a taɓo zancen motar nan da a ke kira haibirid ba, watau mai tafiya da fetur da lantarki a haɗe. Kowa ya yarda ba ta shan mai kamar sauran. Amma da zarar wani ya nuna sha'awa, sai ka ji an ce, "Kul! Ranar da batirin ya mutu, motar ta zama akurkin kaji."

Kwanan baya wani maƙwabcina, hedimasta ne, ya same ni a zaure. Bayan mun gaisa ya ce, "Allah gafarta Malam, shekara uku ina zubi a ƙungiyarmu ta gama kai, ga shi yanzu an yarda za a ba ni rance in cika in sayi mota. Raina na kan haibirid, amma an cika mini kunne da zancen batir. In na saya ya mutu, ga bashi a wuya, ga mota a ajiye, ina zan sa kaina?" Na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba, shi ya sa na ga ya kamata in ba da amsa a fili, kowa ya ji. Ra'ayina dai shi ne, batirin nikel da ke cikin yawancin tsofaffin haibirid da a ke kawo mana abin amana ne, tsoron da a ke yi masa ya wuce kima. Amma yana tsufa kamar kome, kuma a ƙasarmu akwai abubuwan da ke rage masa kwana, waɗanda yawancinsu a hannunmu su ke.

YADDA ABIN YA KE

Bari mu fara da sanin abin da mu ke magana a kansa, gama ba a yi wa wanda ba a sani ba shaida. Motar haibirid batir biyu gare ta. Akwai ƙarami na dalma mai ƙarfin bolt 12, irin wanda kowa ya sani, aikinsa ya tashi kwamfutar mota da fitilu. Sa'an nan akwai babba, wanda a ke ɓoyewa bayan kujerar baya ko a ƙarƙashinta, shi ne a ke jayayya a kansa. A cikinsa nikel ne a gefe guda, a ɗaya gefen kuma wani gamin ƙarafa ne mai tsotse iskar haidirojin kamar yadda soso ke tsotse ruwa, ya kuma sake ta in an bukata. Tun 1967 a ka fara binciken irinsa a Turai, wani Ba'amurke mai suna Stanford Ovshinsky ya inganta shi cikin shekarun 1980, ya shiga kasuwa a 1989. Kamfanin Toyota ya sa shi cikin Prius, wadda ya fara sayarwa a Japan a watan Disamba na 1997, Honda kuma ya biyo baya da Insight a 1999. Watau dai abu ne da a ka yi fiye da shekara 25 ana gwada shi bisa titi.

In ka buɗe batirin Prius ƙirar 2004 zuwa 2015, za ka tarar da alluna 28 a jere, ko wanne kamar allon ɗan makaranta a tsaye, an matse su wuri ɗaya. Cikin ko wane allo akwai ɗaki 6, ko wane ɗaki na ba da bolt 1.2. Malaman lissafi su buga su gani: ɗaki 168 ke nan, bolt 201.6. Na Camry haibirid, wadda ta fito a 2006, allo 34 ne, bolt 244.8. Duk an haɗa su ne bi da bi, kamar ayarin raƙuma a igiya ɗaya, in guda ya gurgunce ayari duka ya tsaya. A riƙe wannan misali, za mu komo kansa.

Duk wannan tari na Prius nauyinsa bai kai na buhun siminti ba, wutar da ya ke ɗauka kuwa kimanin rabin abin da babban batirin sola guda ɗaya ke ɗauka ce, irin mai lamba 200 da a ke jerawa a gidaje. Ba a yi shi don ya ja mota daga Kano zuwa Zariya ba. Aikinsa ya karɓi ƙarfin da ke salwanta duk sa'ad da direba ya taka birki, ya ajiye, sa'an nan ya mayar da shi lokacin tashi ko cikin cunkoso, inda injin fetur ya fi ɓarnar mai. Ba a jona shi da wutar gida, motar da kanta ke cika shi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Mai ratsa cunkoson Bata da 'Yankura kullum zai fi ganin amfaninta bisa ga mai dogon zango a hanyar Haɗeja.

Asirin ƙarkonsa kuwa shi ne, kwamfutar motar ba ta barinsa ya cika fal, ba ta kuma barinsa ya ƙare ƙarƙaf. Tsakanin kashi 40 da kashi 80 cikin 100 ta ke riƙe shi, ta fi son ya zauna wajen 60. Ko ka ga alamar da ke gaban direba ta nuna ya cika, da sauran wuri, ko ta nuna ya ƙare, da saura a gindi. Abin da ke saurin kashe batirin waya da na fitila shi ne a cika shi har wuya, a kuma zuƙe shi tas, kullum. Jakin da ba a yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ba a kuma barinsa da yunwa, shi ke daɗewa yana kai kaya kasuwa.

SHAIDAR DA A KA SAMU

Wani zai ce, ai wannan zancen kamfani ne, mai talla ba ya kushe hajarsa. Gaskiya ne, don haka mu nemi bakin waɗanda ba su da riba a ciki. A 2011 mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ba ta karɓar talla, ta samo Prius ƙirar 2002 da ta yi tafiyar mil 206,000, watau kilomita 330,000 da ɗoriya. Ta gwada ta, ta gwama da abin da ta samu shekara goma baya a kan sabuwa irinta, sai ta tarar shan man kusan bai sake ba. Kafin nan, a 2006, wani ɗakin bincike na Gwamnatin Amurka da ke Idaho ya ba da rahoto a kan motocin da a ka tuƙa mil 160,000 a Arizona, jiha mai zafin rana irin namu. An tarar batirin Prius ta farko ya ragu ƙwarai, abin da ya ke ɗauka bai kai rabin na asali ba, amma duk da haka motocin na tafiya, shan mansu bai lalace sosai ba. Darasi biyu ke cikin wannan. Batir na tsufa, babu shakka. Amma yana iya tsufa ƙwarai alhali yana nan yana aikinsa.

Sai kuma direbobin tasi, su da motarsu ba ta hutawa. A birnin Bankuba na ƙasar Kanada wani direba ya sa Prius haya tun shekarar 2000, ya yi fiye da kilomita 300,000 da ita. A San Faransisko an sa Ford Escape haibirid haya a 2005, waɗansunsu sai da su ka kai mil 300,000 kafin a ajiye su. A Mongoliya, inda sanyi ke daskarar da ruwa watanni, tsofaffin Prius da a ke kaiwa daga Japan sun cika titunan babban birninsu. Garantin da a ke ba mai saye a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, a jihar Kalifoniya shekara 10 ko mil 150,000, daga ƙirar 2020 kuma Toyota ya mai da shi shekara 10 ga kowa a can. Kamfani kuwa ba ya ɗaukar alkawarin da ya san zai karya shi. Ya zuwa farkon 2020 Toyota ya sayar da haibirid miliyan 15 a duniya, kuma ko da batirin litiyam ya yi kasuwa, a 2021 sai da ya fito da sabuwar Aqua a Japan da batirin nikel sabon ƙira.

Amma a faɗi gaskiya kome ɗacinta, ba duk haibirid ba ne su ka yi wannan suna. Honda Civic haibirid ƙirar 2006 zuwa 2008 ta sha ƙorafi a Amurka saboda batirinta na raunana da wuri, har a 2010 kamfanin ya kira masu motocin a sake wa kwamfutarsu tsari. Nikel ɗin dai ɗaya ne, amma ƙira da yadda kwamfuta ke kiwon batirin sun bambanta. Don haka kada wanda ya ji an yabi wata mota ya ruga ya sayi wata dabam don sunansu ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yawancin shaidun nan a kan motocin da a ka saya sababbi ne, a ka kuma riƙa tuƙa su kullum. Mu kuwa na gwanjo mu ke saye, ko wadda ta sauka Ikko ko wadda a ke kira 'yar Kwatano. Prius ƙirar 2008 ko Camry ƙirar 2009 ta riga ta haura shekara 15, garantinta ya ƙare tun ba ta hau jirgi ba, ko bai ƙare ba ma ba ya ƙetare teku. Batir kuwa shekaru na cinsa kamar yadda tafiya ke cinsa. Saboda haka tambayar da ta kamaci malami ko akawu ita ce, wannan da ke gabana nawa ya rage masa, kuma me zan yi in tsawaita abin da ya rage?

ABOKAN GABANSA A KANO

Na farko zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu rana a Kano ta kan kai digiri 40, cikin motar da a ka rufe a ka bari a fili kuwa ya fi haka nesa. Masana haɗa sinadarai na da wata ƙa'ida ta kimantawa, cewa duk ƙarin digiri 10 ya kan kusan ninka saurin aikin sinadari, lalacewar batir kuwa aikin sinadari ce. Batirin nan ba ruwa ke sanyaya shi ba. Wata 'yar fanka ce ke zuƙo iska daga cikin ɗakin motar, inda fasinja ke zaune, ta hura masa. Watau iskar da ka ke shaƙa ita ya ke shaƙa. Wanda ya kashe iyakwandishan da tsakar rana don tsimin mai, ya sani yana tsimin kwabo ne yana zubar da sule. Wanda kuma ya sami inuwar darbejiya a harabar makaranta ko ofis, ya ajiye motarsa nan, ya yi wa batirinsa magani kyauta.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso mana ƙurar Sahara, lungunanmu marasa kwalta kuma na ƙara tasu. Ƙofar da fankar nan ke shan iska 'yar taga ce a gefen kujerar baya, a waɗansu motocin kuma a bayanta. Mutane da yawa ba su san da ita ba. Mai ɗinkin rigar kujera ya kan rufe ta, a kan jingina mata jaka ko buhu, babbar riga ko mayafi ya kan toshe ta. Wani akawu abokina ya ga jar alama ta kama a gabansa, motar ta yi nauyi. Bakaniken farko da ya je wa ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, batir ya tafi, sai sabo." Allah ya sa ya nemi na biyu. Da wannan ya kwance fankar, sai ga ƙura da zare sun dunƙule a ciki kamar audugar tsohuwar katifa. A ka wanke, a ka mayar, har yau motar na kai shi ofis. Ya kamata a duba fankar nan ko wace shekara bayan hunturu.

Na uku zama. Batirin nikel na zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, cikin zafi kuma abin ya fi sauri. Ɗakunan ba su zubarwa daidai da juna, sai wani ya riga wani yin ƙasa. Motar gwanjo kuwa ta zauna a filin gwanjo, ta zauna cikin jirgi, ta zauna a tashar jiragen ruwa, ta zo ta zauna a filin dillali cikin rana. Wadda ta shekara a ajiye ta fi wadda a ke hawa kullum haɗari, ko da mitarta ta nuna tafiya kaɗan. Malamin da zai tafi dogon hutu, ko mai niyyar aikin Hajji, ya bar wa wani amintacce makulli ya riƙa zagayawa da ita ko sau ɗaya a mako. A kuma sani, haibirid ɗin Toyota ba ta da sitata irin ta sauran motoci, babban batirin ne ke tayar da inji. In ya ƙare ƙarƙaf, turi ba ya tashinta. Don haka mai al'adar bari mai ya ƙare masa a hanya ƙarshen wata, ya lallaɓa da batir kaɗai zuwa gidan mai, ya daina, gama kai tsaye ya ke yi wa batirin illa.

Na huɗu ruwa. A watan Agusta waɗansu titunanmu kan zama kogi, kada mai haibirid ya yi gasar kutsawa da manyan motoci. Masu wankin mota kuma a hana su watsa ruwa ta bayan kujera. Sa'an nan akwai motocin da ambaliya ta ci a can ƙasarsu, kamar bayan guguwar Harvey da ta afka wa jihar Texas a 2017, kamfanonin inshora su ka yi gwanjonsu. Irin waɗannan a kan wanke su a goge su, su shiga kasuwannin duniya. Mai saye ya ɗaga kafet ya sansana, ya leƙa ƙarƙashin kujera da ramin safaya ya nemi tsatsa ko busasshen taɓo.

Na biyar kuwa, wanda ya fi sauran ɓarna, rashin sani. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a cikin motar nan, wutar da ke cikinta na iya kashe mutum nan take. Akwai makullin da a ke zarewa kafin a taɓa batirin, akwai safar hannu ta musamman. Injin iyakwandishan na yawancin motocin nan da lantarki ya ke aiki, mai na musamman ya ke sha, in mai gyara ya zuba na sauran motoci sai wuta ta riƙa zurarewa, kwamfuta ta hana motar tashi. Sau da yawa ma ƙaramin batirin nan na bolt 12 ne ya yi sanyi, motar ta ruɗe ta kunna fitilun gargaɗi barkatai, a ɗora wa babban laifin da ba nasa ba.

IN YA MUTU FA?

Ranar na zuwa, kome daɗewa. Amma ba ranar mutuwar mota ba ce, kamar yadda sake inji ko giya ba ya kashe mota. Hanya uku ce. Ko dai a sake allon da ya lalace kaɗai, ko a sayi batir sukutum na hannu, ko a sayi sabo, wanda a Amurka kuɗinsa ya haura dala 2,000. Hanyar farko ita ce mafi araha, nan kuwa ya kamata a tuna da ayarin raƙuma. Allunan nan tare su ka tsufa. In ka cire guda ka sa wani, sauran 27 na nan da shekarunsu, bayan 'yan watanni wani kan biyo sahu. Faci na da amfaninsa ga wanda ke neman sararin tara kuɗi, musamman in mai gyaran ya auna allunan duka, ya zaɓo wanda ƙarfinsa ya yi daidai da nasu, ya kuma kankare koren tsatsar da ke kama 'yan tagullar da ke haɗa su. Amma a gaya wa mutum faci ne. Wanda ya yi faci ya goge ya sayar da sunan sabo ya ci haram, daidai ya ke da mai tauye mudu. Duk mai neman kayan gyara, ko a Ƙofar Ruwa ko wani wuri, ya nemi a auna a gabansa, a kuma rubuta masa wa'adi.

GA LISSAFI

Akawu ba ya yarda da zance sai ya ga alƙalami. Bisa awon hukumar kare muhalli ta Amurka, Camry haibirid ta farko na yin kimanin kilomita 14 da lita guda, 'yar'uwarta mai fetur zalla kuwa kimanin 10. Titinmu ba irin nasu ba ne, amma mu ɗauki wannan misali. Malamin da ke yin kilomita 800 a wata zai sha lita 80 a mai fetur, lita 57 a haibirid. Rarar lita 23 ke nan. In mu ka ƙaddara lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 23,000 ce a wata, 276,000 a shekara. Ga wanda ya san mafi ƙarancin albashin da a ka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wannan ba kuɗin rainawa ba ne. Kuskuren da a ke yi shi ne a cinye rarar duka, ranar da batir ya nemi haƙƙinsa a ce mota ta ci amana. Shawarata, a raba rarar biyu, rabi a sa cikin adashi ko asusun gama kai da sunan batir. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda kuma tafiyarsa kaɗan ce, gidansa a Gama makarantarsa a Gwagwarwa ko Tudun Wada, ya buga lissafinsa da kyau, don watakila rarar ba za ta biya masa ba.

Ranar ciniki kuwa kada kyan fenti ya ruɗe ka, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ka tafi da mai kwamfutar duba mota wanda kai ka ɗauko, ba na dillali ba. Kwamfutar motar na auna allunan bibbiyu, rukuni 14 a Prius, 17 a Camry, na'urar za ta nuna ƙarfin ko wane rukuni. In suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, madalla. In guda na faɗuwa ƙasa da sauran duk sa'ad da a ka taka totur, gurgun raƙumin ke nan. Lambar P0A80 in ta fito, ma'anarta batir na neman sauyi, kuma ana iya share ta kafin ka zo, don haka ka tuƙa motar kamar rabin sa'a da rana, a sake dubawa. Ka lura ko alamar batir na cika tana ƙarewa cikin 'yan mintoci, ko fankar baya na ruri ba tsayawa, ko inji ya ƙi hutawa a tsaye. Ka zaɓi ƙirar da ta yawaita a gari don samun kayan gyara. A ƙarshe a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Dillalin da ya ƙi a auna motarsa ya riga ya ba ka amsa.

KIRA GA HUKUMA

Da a ka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ba a daɗe ba ko wane lungu ya sami bakaniken da ya san 504 ciki da bai, shi ya sa motar ta zauna da gindinta a ƙasar nan. Haibirid ma abin da ta ke bukata ke nan. Muna roƙon Gwamnatin Jihar Kano ta sa wannan fanni cikin karatun makarantun koyon sana'a, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da jami'ar Wudil da ta Bayero kuma su shirya gajeren kwas da Hausa don kanikawa da masu gyaran waya, tare da ƙungiyarsu da hukumar NADDC mai kula da harkar motoci. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi takardar shaida ya rataye a garejinsa, don mai mota ya san inda zai nufa. 'Yan kwana-kwana da ma'aikatan kiyaye haɗari da na KAROTA su ma a koya musu abin da wayar nan mai ruwan lemo ke nufi, gama su ke fara isa wurin haɗari.

A kuma yi tunanin inda matattun batura za su. Ruwan da ke cikinsu na ƙona fata, yana makantarwa, bai kamata ya faɗa hannun yaranmu 'yan jari-bola ba. Hukumar NESREA da Ma'aikatar Muhalli su tanadi wurin karɓa, tun da nikel ƙarfe ne mai daraja da a ke narkarwa a sake aiki da shi. Wanda ya gaji da jan mota ma bai ƙare amfani ba. A 2015 an haɗa tsofaffin baturan Camry 208 a gandun dajin Yellowstone na Amurka, a ka riƙa tara wutar sola a cikinsu ana haskaka gine-gine. Ɗalibanmu na injiniya ba za su rasa abin koyo a nan ba.

Hedimasta dai na gaya masa abin da na gaya muku. Na ce ya saya in lissafinsa ya ba shi, amma kada ya biya ko kwabo sai an auna, ya nemi inuwa, ya tsare 'yar tagar nan, ya kuma buɗe wa batirin asusu tun daga albashin farko. Ya ce zai bi dillalin da mai kwamfuta ranar Asabar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka cikin abin da mu ke samu, ya kiyashe mu da asara, amin.